Amsa ga mai ɗaura dish a Nima: me siffar faranti take yi wa na'urar sauraron sama?

Ɗana, na ga saƙonka tun daren Juma'a, na ƙi amsawa a tsaye ne saboda tambayar ta fi ƙarfin layi biyu. Ka ce iskar hadari ta tuge wani dish da ka ɗaura a wani gida a unguwar Nima ta Accra, ya faɗo daga kan rufi, bakinsa ya lotsa. Ka sa guduma ka bubbuge shi har ya koma daidai a ido, ka mayar da shi kan ƙafarsa, ka saita, amma sigina ta ƙi hawa inda take a da. Bayan 'yan kwanaki aiki ya kai ka Kuntunse ta hanyar Nsawam, ka ga ƙaton farantin nan da aka ce maka da shi ake sauraron taurari, abin ya tsaya maka a rai. Kana so ka san me siffa take ƙarawa ko ragewa, tunda ƙarfen bai ragu ba. Kana so ka san me ya sa naka yake kamar ƙwai da hannu a ƙasa, na Kuntunse kuwa zagayayye da ɗan ƙaramin faranti a gabansa. Sannan ka tambaya ko mutum zai iya sa mai walda ya haɗa masa babba ya ji sama da kansa. Na yi shekarun aikina a kan eriyoyin sadarwa, kuma ina tabbatar maka dish ɗinka da farantin Kuntunse doka ɗaya suke bi.

Ka tuna rediyon kakanka, yadda mai gabatarwa yake cewa ana kama mu a gajeren zango, kan mita 16 ko mita 19? Mitar nan awo ne na gaske: tazarar da ke tsakanin tudun igiyar rediyo ɗaya da tudun da ke biye da shi. Shi ake kira tsawon zango. Tashoshin da kake kamo wa mutane da ƙaramin dish suna saukowa a wajen gigahaz 11 zuwa 12 (gigahaz awo ne na saurin kaɗawar igiya), wato zangonsu santimita 2 da rabi. Na manyan dish masu raga na zamanin da, gigahaz 4 ne, santimita 7 da rabi. Iskar haidurojin da ke warwatse tsakanin taurari tana fitar da tata igiyar a santimita 21. Riƙe waɗannan lambobi da kyau, domin duk maganar siffa da su ake auna ta. In wani ya ce maka farantinsa mai kyau ne, ka tambaye shi a wane zango.

Abin da ke nesa ƙwarai, ko tauraron ɗan'adam da ke kilomita 36,000 a samanmu ko tauraron da Allah ya halitta, igiyarsa tana isowa a miƙe ne, sahu bayan sahu, kamar sahun Idi da aka daidaita kafaɗa da kafaɗa. Aikin faranti shi ne ya tari wannan sahu mai faɗi ya juya kowa zuwa wuri ɗaya, inda kake ɗaura LNB, na'urar da ke karɓar sigina a gaban dish. Mu kira wurin matattara. To amma tarawar kaɗai ba ta isa ba. Dole igiyar da ta bugi tsakiya da wadda ta bugi baki su iso matattara lokaci guda, tudu a kan tudu. Ka sha tura motar haya, torotoro, da ta mutu a hanya: in kowa ya sa ƙarfi tare sai ta motsa, in rabi suna turawa rabi suna ja baya, gumi kawai za a yi. Siffa ɗaya ce take sa kowa ya iso tare, ita ce farabola. Ka ɗaura zare a miƙe a bakin faranti. Daga ko'ina a kan zaren ka sauko kai tsaye ka taɓa ƙarfen, sannan ka juya zuwa matattara, tsawon tafiyar ɗaya ne. Ta tsakiya ta yi doguwar sauka da gajeriyar komowa, ta baki ba ta yi sauka ba sai doguwar komowa, jimla ta zo daidai.

Yanzu dubi abin da faɗuwa da guduma suka yi. Duk inda ƙarfe ya lotsa, igiya tana biyan kuɗin sau biyu, a shiga da a fita. Rami mai zurfin milimita 6 yana ƙara wa tafiyar milimita 12, kusan rabin zangon tashoshinka ke nan. Igiyar da ta fito daga wurin sai ta iso da kwarinta daidai lokacin da sauran suka iso da tudunsu. Da a ce yanke wurin ka yi ka yar, da asararka ta fi sauƙi, domin yanzu wannan ɓangaren yana cinye ƙarfin 'yan uwansa ne. Milimita 6 kuwa, a kan faranti mai faɗin santimita 60 ko 90, wane ido ne zai gane ta daga ƙasa?

Wani injiniya a Amurka, John Ruze, ya fitar da lissafin wannan asara tun 1952, har yau da shi muke aiki. In matsakaicin kuskuren fuskar faranti ya tsaya a kashi 1 cikin 40 na zango, ka yi asarar wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfin. In ya kai 1 cikin 20, kusan sulusi ya tafi. In ya kai 1 cikin 16, kusan rabi. Daga nan faɗuwar ba ta da birki. Ga tashoshinka, 1 cikin 20 bai wuce milimita 1 da kwata ba. Ga Kuntunse, wanda yake sauraron iskar metanol da ke haskawa a gigahaz 6.7 a wuraren da manyan taurari ke haihuwa, zangon santimita 4 da rabi ne, don haka kuskuren bai kamata ya wuce milimita 2 da 'yan kai ba a kan faranti mai faɗin mita 32, fili mai murabba'in mita 800. Duk lokacin da na tsaya a gindin irin wannan ƙarfe wannan lambar ce take ba ni tsoro, fiye da girman.

Amma ka lura da ɗaya gefen maganar. Dish ɗin nan da ka fid da rai a kansa, in da igiyar haidurojin ta santimita 21 za a saurara da shi, lotsawar milimita 6 a gefe ɗaya ba za ta dame shi ba. Doguwar igiya ba ta ganin ƙananan ramuka, ba ta ma ganin huji muddin bai kai kashi 1 cikin 10 na zangonta ba. Shi ya sa a Indiya, kusa da Pune, aka gina faranti 30 masu faɗin mita 45 kowanne da ragar waya kawai, iska tana ratsa su, ga arha. Su kuma na ALMA da ke kan tudun Chile mai tsayin mita 5,000, da yake zangon da suke saurara bai kai milimita ɗaya ba a wasu lokutan, an goge fuskarsu har kuskuren bai wuce maikuron 25 ba, abin da bai kai kaurin gashin kai ba.

Akwai gwajin da nake so ya zame maka jiki, bai buƙatar komai sai zare biyu. Ka ja ɗaya daga bakin sama zuwa bakin ƙasa, ɗaya daga dama zuwa hagu, su gitta a tsakiya. In bakin farantin bai murɗe ba, za su taɓa juna da kyar, ba tazara, ba matsi. Na koyi darajar wannan ne a wani aiki da muka yi shekarun baya, dish mai raga na mita 3. Mun kwana biyu muna sauya LNB, muna sauya waya, muna zargin dikoda. A rana ta uku wani dattijon ma'aikaci ya ciro zare daga aljihu ya gitta, sai ga tazarar da yatsana ya shige tsakani. Ashe yaran da suka hau da shi bene ta baki suka ɗauke shi, ya murɗe kamar tsohon faifai. Muka kwance ƙusoshin baya, muka bar shi ya zauna, muka ɗaure su a hankali ɗaya bayan ɗaya muna duban zaren, sigina ta dawo tun kafin mu taɓa saiti.

Sai maganar zurfi, wadda ita ce masu ɗaura dish suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Farabola ba iri ɗaya ba ce: akwai mai zurfi kamar tasa, akwai mai shimfiɗa kamar faranti. Ga zagayayyen dish mai LNB a tsakiya, ka auna faɗinsa, ka ninka faɗin da kansa, ka raba da zurfin sau 16, abin da ya fito shi ne nisan matattara daga tsakiya. Mai faɗin santimita 180 da zurfin 30, matattararsa tana santimita 67 da rabi. Mafi yawan irin waɗannan, nisan matattara yakan faɗa tsakanin kashi 30 zuwa 45 cikin 100 na faɗin.

Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda bakin da ke karɓa, ƙahon da ke kan LNB, shi ma yana da faɗin kallonsa, kamar tocila. In kallonsa ya yi ƙunci, tsakiyar farantin kaɗai yake gani, ƙarfen baki ya zama ado, ka sayi mita 3 kana cin moriyar mita 2. In kallonsa ya yi faɗi ya zarce bakin farantin, me yake gani a baya? Ƙasa. Nan ne mai sauraron taurari ya rabu da mai kallon ƙwallo. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da hayaniyar rediyo, kuma ƙasar da muke takawa tana wajen digiri 300 a ma'aunin Kelbin, alhali sararin sama a waɗannan zangogi bai kai 10 ba. Gwada da kanka gobe: ka haɗa mitar neman sigina mai allura, ka nuna dish sama inda babu tauraron ɗan'adam, ka saita allurar a ƙasa-ƙasa, sannan ka sunkuyar da shi ya kalli bangon maƙwabci. Allurar za ta tashi. Zafin bango ka ji ke nan. Masana suna kashe kuɗi mai yawa su sanyaya na'urar karɓa da iskar hiliyam har ta sauka wajen digiri 20, don ta daina hayaniyar kanta. In kashi 5 cikin 100 kawai na kallon ƙahon ya zube ƙasa, digiri 15 sun shigo ta taga, an kusa ninka hayaniyar. Hayaniya kuwa in ta ninka biyu, abin da za ka gano a awa ɗaya sai ka yi awa huɗu. Ka haɗa da cewa abin da ake nema rauninsa ya wuce misali: wayar da ke aljihunka, da za a ajiye ta a kan wata, da tana cikin abubuwan da suka fi ƙara a samaniyar rediyo. Don haka ake zaɓar ƙahon da yake ganin bakin faranti da kusan kashi 1 cikin 10 na ƙarfin da yake ganin tsakiya. An yarda a bar wani abu na faɗin don a tsira daga ƙasa, kuma shi ya sa faranti na yau da kullum yake cin moriyar kashi 55 zuwa 70 ne kawai cikin 100 na filinsa.

Ɗan ƙaramin farantin da ka gani a gaban na Kuntunse amsa ce ga wannan matsala. Maimakon a rataye na'urar karɓa a matattara, sai a sa madubi na biyu kafin a kai wurin, mai tudu kamar bayan cokali, ya mayar da igiyar baya ta wani rami a tsakiyar babban farantin. Tsarin Kasagiren ke nan, an aro shi daga madubin hangen taurari na ƙarni na 17. In kuwa an sa madubin a bayan matattara, mai rami kamar cikin cokali, tsarin Giregori ne. Ribar farko, yanzu ƙahon sama yake kallo, duk abin da ya zarce gefen ƙaramin madubin sanyin sama yake ɗebowa. Riba ta biyu, na'urori masu nauyi da bututun sanyayawa sun sauko inda hannu zai kai. A Kuntunse ma an ƙara gaba: wasu madubai suna karɓar igiyar daga ramin su yi ta miƙa wa juna har ɗakin da ke ƙasa, injiniya ya yi aikinsa ba tare da ya hau sama ba. Akwai kuma wata dabara da ta fito a shekarun 1960, wadda nake ganin tana cikin mafi kyawun tunani a sana'armu. Tunda madubai biyu ne, ba dole kowannensu ya zama cikakkiyar siffar littafi ba. Za ka iya karkatar da ƙaramin da gangan ya watsa kallon ƙahon daidai wa daida har bakin babban, sannan ka gyara babban kaɗan don tafiyar kowa ta sake zama ɗaya. Faranti 27 na VLA a Amurka, masu mita 25 kowanne, haka aka yi su. Abin da ake biya shi ne irin wannan farantin ya auri ƙaramin madubinsa, in ka cire shi ba ka da matattara mai tsabta.

Kowane allazi da nasa amanu. Ƙaramin madubin da ƙafafun da ke riƙe da shi suna tsaye ne a kan hanyar igiya. Inuwar da suke yi ba ita ce babbar illa ba. Illar ita ce suna warwatsa igiya, sai na'urar ta riƙa ji ta gefe, abin da muke kira kunnuwan gefe. Ta nan hasumiyar wayar salula da radar jirgi da tauraron ɗan'adam mai wucewa suke kutsowa ko da ba su kake kallo ba, kuma ka san yadda Accra take ta miƙewa ta wannan hanya ta Nsawam. Ga kuma amsa-kuwwa da ke kai da komo tsakanin ƙaho da madubi, tana sa awo ya riƙa hawa da sauka.

Nan ne dish ɗinka mai kama da ƙwai ya shigo, kuma ina so ka daina ganinsa ƙaramin abu. Yanki ne da aka yanko daga gefen wata babbar farabola, ba daga tsakiyarta ba. Matattarar tana nan inda take, amma yanzu ta faɗo ƙasa da hanyar igiya, LNB da hannunsa ba sa tare komai. Shi ya sa yake kallon sama da digiri 20 da 'yan kai fiye da inda fuskarsa take nunawa, abin da kowane sabon yaro a sana'arku yake ruɗewa a kai. Tsawonsa ya fi faɗinsa ne don in an hango shi daga inda tauraron yake ya zama cikakkiyar da'ira. Wannan tsarin shi aka yi a Green Bank a Amurka bayan tsohon farantinsu na mita 91 ya ruguje a Nuwamban 1988: sabon yana da mita 100 a 110, da ƙaton hannu a gefe. Shi aka yi wa faranti 64 na MeerKAT a hamadar Karoo ta Afirka ta Kudu, masu mita 13 da rabi, da madubin Giregori a kan hannun. Tun kafin su, eriyar da masanan Amurka Penzias da Wilson suka yi aiki da ita a 1964 da 1965 yankin farabola ce da aka lulluɓe cikin ƙaton ƙaho don kada ta ji ƙasa ko kaɗan. Saboda sun amince da siffarta ne, da suka ga ragowar digiri 3 da rabi da ta ƙi ɓacewa ko'ina suka juya, har bayan sun kori tantabarun da suka yi sheƙa a ciki sun wanke kashinsu, suka yarda daga sama take. Ɗumin farkon halittar sararin samaniya ne, kuma ya kai su ga kyautar Nobel a 1978.

Kuɗin tsarin mai hannu a gefe fa? Rashin daidaito tsakanin sama da ƙasa yana sa siginar kwance (H) ta ɗan zubo cikin ta tsaye (V), kai ka san wannan ciwon, sai an karkata ƙaramin madubin da wani kusurwa na musamman kafin a magance shi. Sannan hannu a gefe nauyi ne a gefe. Na Green Bank ya kai tan 7,600, alhali na Effelsberg a Jamus, mai mita 100 shi ma amma zagayayye, tan 3,200 ne.

Nauyin nan shi ne abokin gabar siffa na har abada. Faranti yana kallon sama tsaye, nauyinsa yana ja ta wata fuska. Ka kwantar da shi ya kalli gefen gari, ya ja ta wata. Rana ma tana nata: sandar ƙarfe mai mita 32, in ta ƙara zafin digiri 10, tana ƙara tsawon kusan milimita 4, kuma ba ta dukan kowane gefe daidai. Shi ya sa ake shafa musu farin fenti marar ƙyalli. Ka ga ke nan mayar da na Kuntunse na'urar bincike ba ƙaramin aiki ba ne. An gina shi a 1981 don sadarwar ƙasa da ƙasa, ya yi shekaru yana duban tauraron ɗan'adam da ba ya gusawa, har wayoyin ƙarƙashin teku suka karɓe aikin. Da masanan Ghana da na Afirka ta Kudu suka gyara shi, aka buɗe shi a Agustan 2017, sai aka ce ya riƙa bin tauraro daga fitowarsa har faɗuwarsa, yana riƙe da siffarsa a kowane kusurwa, yana kuma saiti a kan abin da faɗin kallonsa bai wuce kashi 1 cikin 5 na faɗin wata ba. Lissafin faɗin kallo mai sauƙi ne: zango sau 70, a raba da faɗin faranti, ya ba ka digiri. Naka na santimita 60 yana da kusan digiri 3, shi ya sa kake iya saita shi da hannu.

Hanya biyu aka bi aka shawo kan nauyi. Sebastian von Hoerner ya kawo ta farko a 1967: tunda ba za a hana ƙarfe lanƙwasa ba, a tsara ƙashin bayan yadda in ya lanƙwasa zai tashi daga farabola ɗaya ya faɗa wata farabolar, sai kawai a matsar da na'urar karɓa ta bi sabuwar matattara. Effelsberg, da ya fara aiki a 1972, haka yake. Ta biyu ita ce ta Green Bank: fallayen fuskarsa 2,004 suna zaune a kan ƙananan injina 2,209 da kwamfuta ke turawa tana ja, tana gyara siffar yayin da yake juyawa.

Akwai waɗanda suka bar farabola gaba ɗaya, da dalili. Rauninta shi ne fuska ɗaya tak take gani da kyau. Ka san in ka jera LNB biyu ko uku a dish ɗaya, na gefe ba ya kai na tsakiya ƙarfi, kuma abin ya fi muni a faranti mai zurfi. Don haka dole a juya farantin dukansa, kuma mita 100 ita ce kusan iyakar abin da ake iya juyawa. Ɓarin ƙwarya kuwa, wato yankin ƙwallo, ta ko'ina ka dube shi siffarsa ɗaya ce. Sai ka kwantar da shi cikin kwari ya zauna, ka riƙa yawo da na'urar karɓa a samansa. Haka aka yi Arecibo a Puerto Rico a 1963, mita 305. Matsalar ƙwarya ita ce ba ta da matattara guda: igiyar baki tana haɗuwa kusa da farantin, ta tsakiya tana haɗuwa can sama, sai taron ya zama layi. Da farko da dogayen sanduna masu tsaga suke kwashe shi, ɗaya ta kai kusan mita 29, kowace kuma zango ƙalilan take ji. A 1997 aka rataya wata ƙubba mai madubai biyu a ciki da ke mayar da layin ɗigo. Dandalin da ke ɗauke da wannan kaya, tan 900 a kan igiyoyin ƙarfe, shi ne ya faɗo a ranar 1 ga Disamba 2020, kuma ranar na ji kamar an yi mini rasuwa. Sinawa a Guizhou sun ɗauki darasin ta wata hanya. FAST, da aka gama a 2016, ƙwarya ce mai mita 500 da fallaye 4,450, amma injina 2,225 suna jan ragar daga ƙasa, su mayar da yanki mai faɗin mita 300 farabola a daidai inda ake kallo, farabolar tana tafiya a cikin ƙwaryar kamar yadda tauraron ke tafiya a sama. Duk da haka digiri 40 kawai yake iya kaucewa daga tsakar ka, Arecibo kuwa 20. A Kanada ma akwai CHIME, huɗu ne kamar ganga da aka tsaga a tsaye, mita 20 a 100, ba abin da ke motsi, juyawar duniya ce take kawo musu sama.

In ka tambaye ni wanne na fi so, ga wanda zai gina sabo a wurin da hayaniyar mutane ta yi yawa, mai hannu a gefe zan zaɓa, ko da ya fi ƙanƙanta. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Batun ka gina naka kuwa, na ce ka gina. Grote Reber injiniyan rediyo ne da ya haɗa faranti mai wajen mita 9 a bayan gidansu a Wheaton ta Amurka a 1937, ya gwada gajerun zangogi biyu bai ji komai ba, sai da ya koma megahaz 160 sannan ya kama gungun taurarin da muke ciki. Kai ma kada ka nufi zangon tashoshinka da aikin walda, milimita 1 ta fi ƙarfin guduma. Ka nufi santimita 21, inda sai kuskure ya kai santimita 1 kafin ka yi asarar kusan sulusin ƙarfin. In ka samu tsohon dish mai raga na mita 2 ko 3 da aka yasar a bayan wani gida, ya fi komai sauƙi. In kuma haɗawa za a yi, kada ka bar mai walda ya lanƙwasa da ido, domin hannu ƙwarya yake so ya yi. Ka yanka masa ma'auni a falankin katako. Ga faranti na mita 3 mai matattara a santimita 120: a nisan santimita 50 daga tsakiya ya tashi santimita 5.2, a 100 ya tashi 20.8, a baki, wato 150, ya tashi 46.9. Kowane haƙarƙari a ɗora shi kan wannan katako kafin a kama shi da wuta, a sake ɗorawa bayan ya huce. Ka shimfiɗa ragar da hujinta bai wuce santimita 1 ba, ka yi mata fenti saboda iskar teku. Ƙahon gwangwani ne mai faɗin santimita 15 da 'yar waya mai santimita 5 a ciki, sai ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi ta megahaz 1420 da ɗan rediyon nan da ake cusawa a kwamfuta. Faɗin kallonsa zai kai digiri 5, don haka ba ka buƙatar injin juyawa. Ka fita da shi wajen gari nesa da hasumiyoyin waya, ka nuna shi tsakar ka, ka bar shi kwana ɗaya cur, za ka ga layin haidurojin ya tashi ya sauka lokacin da farin zanen taurarin nan ya ratsa ta samansa.

Wancan da ya faɗo kuma kada ka yar. Ka zo mini da shi ranar Asabar bayan La'asar, ka taho da zare biyu da mitarka mai allura, mu fara duba bakin kafin mu taɓa ramin.